Hajiya ta ce man bilicin ne nake shafa wa ɗiyata

Assalamu alaikum Tanti. Ni matar aure ce a nan Damagaram, ƴaƴana uku. Ta ƙarshen Allah ya ba ni ita zabiya, yanzu shekararta biyu da wata huɗu. Tun da bazarar nan ta kama, kumatunta da saman kunnuwanta suke yin jawur, leɓenta na ƙasa ya tsattsage, da dare sai kuka. Wata malamar asibiti ta ce in riƙa shafa mata man kariya daga rana. Na farkon da na saya a kasuwa wurin masu kayan shafa, da ta yi zufa ya gangaro mata ido, ta wuni tana ihu. Tun daga ranar, da ta hango kwalba a hannuna sai ta ruga bayan kakarta. Na biyun yayata ce ta aiko daga Yamai, ɗan ƙaramin bututu a kan jaka goma sha biyu. Shi ba ya shiga ido, amma yana barin fuskarta kamar an shafa mata alli. Ni malamar makaranta ce, da safe wurin uwar mijina, Hajiya, nake barin ta, gida ɗaya muke. Hajiya ta ce man bilicin ne, yarinyar da take fara sol me kuma za a ƙara mata, sai ta wanke ta shafa man kaɗanya. Ta taɓa cewa su dai a danginsu ba a taɓa haifar zabiya ba. Maigida ya ce kada in haɗa shi da mahaifiyarsa, kuma kuɗin man ya yi yawa. Tanti, wane mai ne ya dace, yaya zan shafa mata ba tare da kokawa ba, kuma yaya zan yi da Hajiya? Wani lokacin har nakan ji kamar laifina ne.

Wa alaikumus salam ɗiyata. Sannu da ɗawainiya, Allah ya raya mana ita. Da maganarki ta ƙarshe zan fara, don na lura ita ce kika rubuta a taƙaice alhali ita ta fi ci miki rai. Babu laifinki ko na ƙwayar zarra. Zabiyanci gado ne, kuma ba ya fitowa sai yaro ya karɓo irinsa daga wajen uwa da wajen uba gaba ɗaya. Mutum yana iya zama baƙi wuluk yana ɗauke da irin, shi bai sani ba, kakanninsa ba su sani ba, sai ranar da Allah ya haɗa shi aure da mai ɗauke da irinsa. In aka haɗu haka, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa zabiya, shi ya sa yayyenta biyu suka zo baƙaƙe ita ta zo fara. Ke nan mai yiwuwa ne Hajiya gaskiyarta ta faɗa da ta ce ba ta taɓa gani a danginsu ba, amma rashin gani ba rashin abin ba ne. Na faɗa miki wannan don zuciyarki ta huce. Kada ki ɗauke shi ki kai wa Hajiya a matsayin martani, ranar da kika yi haka kin rufe ƙofar da muke so mu buɗe.

Abin da ɗiyarki ta rasa shi ne sinadarin launin fata da likitoci ke kira melanin. Mu da muke da shi, wata laima ce Allah ya ɗinka mana a jiki, muna yawo a ranar Afrilu ta Damagaram mu dawo da zufa kawai. Ita ba ta da wannan laimar. Jan da kike gani a kumatunta ƙuna ce ta gaske, kuma fata tana tara lissafin kowace ƙuna tun daga ƙuruciya. In aka bari ta yi ta maimaituwa shekara da shekaru, sai fatar ta yi kauri da ɓawo-ɓawo, daga nan gyambon da ba ya warkewa, wato sankarar fata, wadda ita ce babbar abokiyar gabar zabiyoyi a nahiyar nan tamu. Ba tsoratar da ke nake ba. Ɗiyarki shekara biyu gare ta, kin farga da wuri, kuma wannan cuta ce da ake iya tarewa tun daga tsakar gida.

Sai dai zan gaya miki abin da ƙila ba ki zata ba: man nan shi ne na uku a layi. Na farko inuwa, na biyu sutura. Daga hantsi, wajen ƙarfe 10, zuwa la'asar, wajen ƙarfe 4, ba lokacin wasanta a fili ba ne. Akwai ma'aunin da ba ya buƙatar agogo, wanda Hajiya ma za ta yi na'am da shi: in inuwar yarinya a ƙasa ta fi ta gajarta, rana ta yi ƙarfi, a shige rumfa. Kada kuma hazon hunturu ko hadarin damina su yaudare ki, hasken da ke ƙona fata yana ratsa su, kuma ba zafi ne ma'auninsa ba. Ana iya ƙonewa ana rawar ɗari. Rairayin tsakar gida da farin bango ma suna mayar da hasken zuwa fuska, saboda haka rumfar zana mai kauri ta fi inuwar dogon yaro da rana ke leƙowa ta tsakanin ganye. Ga sutura kuwa, riga mai dogon hannu da dogon wando na auduga. Kafin ki sayi yadi ki ɗaga shi ki dubi rana ta cikinsa, in haske yana ratsowa sosai, ki ajiye. Sannan malafa mai faɗin baki da za ta rufe goshi da kunnuwa da ƙeya, a ɗinka mata igiya a haɓa. Hular hana-sallah ba ta wadatar ba, kunnuwa da wuya a waje take barin su.

Wani wuri da iyaye mata kan manta shi ne goyo. Yarinya tana bayanki ta kwantar da kai gefe guda, kunci ɗaya da kunne ɗaya suna kallon sama tun daga gida har Kasuwar Dole, ƙafafu kuma suna lilo a rana. Ki duba, ina kyautata zaton wani kuncin ya fi wani ja. Mayafi a kanta ko laima, da safa a ƙafa, in za a hau kabu-kabu ma haka.

To, sai zaɓen man. In kin shiga farmasi ki ce écran solaire kike so na yara, wato man kariya daga rana da Faransanci, ki juya bayan bututun ki karanta da idonki. Ki nemi lambar SPF 50+, wato ma'aunin ƙarfin kariyar man, wasu kamfanonin suna rubuta FPS ko IP, duk abu ɗaya ne. Mai lamba 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, mai 50 kusan kashi 98. Ratar ba ta da yawa, amma ga fata irin tata ki tsaya a kan 50, in babu shi 30 ya fi babu nesa ba kusa ba. Ki ga an rubuta UVA, galibi a cikin ɗan da'ira, don wannan shi ne hasken da ke shiga can cikin fata ba tare da an ji ba. A jerin abin da aka haɗa shi da su, ki nemi oxyde de zinc ko dioxyde de titane. Waɗannan biyun garin ma'adini ne da ke zama a saman fata, ba kasafai suke yin yaji a ido ko ƙaiƙayi ba, shi ya sa aka fi so wa ƙananan yara su. Su ne kuma ke barin farin nan da ya dame ki. Wato man da yayarki ta aiko, bisa ga yadda kika siffanta shi, shi ne mai kyan. Ni a wurina farin ma riba ne, yana nuna miki inda kika shafa da inda kika tsallake. Ki guji mai turare, ki guji na fesawa don kada ta shaƙa, in kuma kin ga oxybenzone a jerin ki mayar. Wanda aka rubuta yana jure ruwa ya fi zama a kan zufa. Sabon mai kowane iri, ki fara ɗiga kaɗan a cikin damtsenta ki jira kwana ɗaya ko biyu ki ga ko wurin zai yi ja.

Na kasuwar nan ki jefar da shi, kada ki ba kowa. A nan ne ma zan ɗan tsaya wa Hajiya. Zarginta ba daga iska ya faɗo ba. Ta ga matan da suka lalata fuskokinsu da shafe-shafe, kunci ya ƙone, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi, kuma da yawa daga mayukan bilicin ɗin suna ɗauke da hoton rana da lambar SPF a jikin kwalba. Duk wanda kika ga an rubuta éclaircissant, wato mai haskaka fata, ko hydroquinone, ko clobétasol, ba na kariya ba ne, guba ne ga fatar yaro. Ko da na gaskiyar ne, kwalbar da ta yi wata da watanni a kan tebur tana shan rana ƙarfinta ya ragu. A gida ma haka: ba a kan taga ba, ba a aljihun babur ba. Ki ajiye shi a ɗaki wuri mai sanyi, kusa da randa in babu firji, ki riƙa duba ranar ƙarewarsa. In ya tsinke ya zama ruwa-ruwa ko warinsa ya sauya, ya gama aiki.

Yanzu kokawar. Yarinyar nan ba rigima take ba, tana da hujja: an taɓa sa mata abu ya yi mata yaji a ido, ta riƙe. Sai kin sake gina amana, kuma ba a yin wannan da safe kina duban agogo kina tsoron makara. Ki fara ranar da babu makaranta. Ki zauna a tabarma da madubi, ki shafa wa kanki tana kallo, ki ɗiga wa yayyenta a hanci su yi dariya, ki ba ta ta shafa wa ƴar tsanarta, ko ta shafa miki a kunci. Ranar farko in a hannu kawai ta yarda, ki karɓa. In bututun ne take gudu, ki matsa man a tafin hannunki a ɗaki ki fito ba tare da shi ba. Abin da ba na so shi ne a danne ta mutum biyu, ɗaya ya riƙe hannu ɗaya ya murza. Za a shafa yau, amma abu ne da za ta yi kullum har tsufanta, ba ma so ta tashi tana ƙinsa.

Ga yadda hannu zai bi. Bayan wanka, fata ta bushe sarai, minti 15 zuwa 20 kafin ta fita. Ki zaunar da ita a cinyarki tana fuskantar madubi, bayanta a ƙirjinki. Yara sun fi natsuwa haka da a tunkaro su ta gaba da hannu. Ki matso man a tsawon yatsarki manuniya, daga tushe zuwa kai, wannan na fuska da kunnuwa ne, wuya da hannuwa a ƙaro. Ki ɗiga shi ɗigo-ɗigo, goshi, karan hanci, kunci biyu, haɓa, ki ce kwalliyar amarya ake yi, sannan ki baje a hankali kina yin waje da shi, daga hanci zuwa kunne, ba wajen ido ba. Ki taɓa ƙashin da ya kewaye idonta da yatsa, nan ne iyakarki, abin da ya yi ciki aikin malafa ne da tabarau. A goshi ki shafa ki bari ya sha iska kafin ki sa hula, don daga nan zufa ke gangaro da shi. Sai saman kunne da bayansa, ƙeya, gefen wuya, da tsagar kitso in kai a buɗe yake. Bayan hannu ki shafa, amma tafin hannu da yatsu ki goge su da tsumma mai ɗanshi, don da su take murza ido. Leɓe yana da nasa, ɗan sanda mai lambar SPF, kuma na ƙasan ya fi bukata don shi ke kallon sama. Kada ki yi ta murzawa wai sai farin ya ɓace. Kina murzawa kina kwashewa. In tsautsayi ya sa ya shiga ido, ruwa mai tsabta kawai, a yi ta zubawa a hankali.

Shafawar safe ba ta kai wa yamma. In tana waje, duk bayan awa 2 ake sabuntawa, haka in ta yi zufa sosai ko an wanke mata fuska bayan cin abinci. Ke kuwa a wannan lokacin kina aji. Kin ga ke nan duk bayanin da na yi miki, rabinsa a hannun Hajiya yake, shi ya sa ba na so ki ɗauke ta abokiyar gaba.

Ki dubi abin ta wurinta. Ta raini ƴaƴa da jikoki da man kaɗanya, babu wanda ya lalace, yau ga suruka ƴar boko ta zo da bututu mai rubutun Faransanci tana nuna mata ba ta iya ba, ga yarinya tana kuka tana ɓuya a bayanta. Ko ni ce a wurin, zuciyata za ta karkata ga mai kukan. Man kaɗanyarta kuma ba abin yarwa ba ne, yana laushin fata, yana maganin kaushi da tsagewar hunturu, abin da ba ya yi kawai shi ne tare rana, shi da basilin duka. To ki ba shi matsayinsa. Ki same ta da yamma, ku biyu, ki ce: Hajiya, malaman asibiti sun ce da dare bayan wanka a riƙa shafa mata mai mai laushi, ni kuwa ban ga wanda ya kai naki ba, ki taimaka ki riƙe mana wannan. Na rana kuma kada ki sake kiran sa man shafawa a gabanta, ki kira shi magani, don maganin ne. A shekarar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna, kuma halin da zabiyoyi ke ciki ne ya jawo hakan. Ki shafa shi a bayan hannunki guda kullum tana gani, bayan mako biyu ki jera mata hannuwan biyu, ta ga babu wanda ya fi wani haske. Abin da ya fi duk wannan shi ne ranar komawa asibiti ki roƙe ta ta raka ku, ta ji daga bakin likita, a nuna mata kumatun jikarta a faɗa mata ƙuna ce. Gani ya kori ji, kuma maganar da ta ƙi karɓa daga bakin suruka sau da yawa takan karɓe ta daga mai farar riga. In ta sauko, kada ki ce ai na faɗa. Ki bar ta ta riƙa tsokanar kishiyar tata tana ɗiga mata kwalliya, ki yi kamar dama dabararta ce.

In kuma ta ƙi, duniya ba ta tashi ba. Ki shafa mai jure zufa dab da fitarki, ki sa mata dogayen kaya da malafa, ki rage roƙonki zuwa abu guda wanda babu kakar da za ta ƙi: kada kishiyarki ta fita rana sai na dawo. Yarinyar da ta wuni a ɗaki ko can cikin rumfa ba ta matse da sabuntawar ƙarfe 10 ba. In akwai budurwa mai hankali a gidan, ki koya mata. Kai ta gidanku da safe shi ne na ƙarshe, kuma sai da yardar maigida, don zai iya zama sabuwar wuta. Barin aikinki ba ya cikin shawarata. Albashin nan yana cikin abin da ke kare ta.

Maigida kuwa, a batun kuɗi yana da gaskiya. Irin wannan ɗan bututun galibi mililita 50 ne, in ana shafa fuska da wuya da hannuwa sau biyu a rana yadda ya kamata, da ƙyar ya wuce mako uku. Jaka goma sha biyu duk mako uku ba wasa ba ne. Amma maganinsa ba tsantseni ba ne, don in aka shafa shi sama-sama lambar 50 ɗin nan ba ta cika. A rage fatar da ke waje, man ya tsaya a fuska da kunne da wuya da bayan hannu. A sayi babbar kwalba, ta fi araha in aka auna, kuma ba dole sai wanda aka rubuta na fuska ba, na jiki mai zinc marar turare yana yi. Mai zuwa Yamai ko Kano a ba shi hoton wanda ya karɓe ta, da sharaɗin daga farmasi. Ki kuma tambaya a asibiti a haɗa ki da ƙungiyar zabiyoyi; irin waɗannan ƙungiyoyi sukan raba mai da huluna in sun samu tallafi, musamman wajen 13 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa zabiyoyi tun 2015. Ko ba a samu kwalba ba, za ki samu uwaye irinki, ki ga manyan zabiyoyi masu aiki da iyali, wannan kaɗai zai rage miki nauyin dare. Inda ban ba maigida gaskiya ba shi ne zamewar da yake yi. Amma kada ki kai masa ƙara, namiji in an ce ya yi alƙalanci tsakanin uwa da mata gudu yake. Ki kai masa aiki: ya sa a kafa rumfa a inda yara ke wasa, ya je wurin masu saƙa a yi mata malafa daidai kanta, ya nemo tabarau na yara mai alamar UV400, wato mai tare hasken rana mai cutar da ido, ya kuma zama shi zai ce wa mahaifiyarsa ta shirya a je asibiti tare.

Asibitin nan kuwa a cikin makon nan nake nufi, ba sai man ya ƙare ba. Kafin ku je, ki riƙa ɗora mata tsumma mai ruwan sanyi a kumatun, ki yawaita ba ta ruwa, ki wanke fuskar da yamma da sabulu mai laushi ba tare da soso ba, kuma kada ki shafa man rana a inda fata ta fashe, wurin nan inuwa yake so har ya haɗe. In ƙuna ta yi bororo kada a fasa, in zazzaɓi ya biyo ko ta yi laushi ta ƙi shan ruwa, a tafi a ranar. Ki roƙi a tura ku wurin likitan fata ya riƙa duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara, da likitan ido, don kusan duk zabiya tana da raunin gani, kuma gara a san matsayin nata tun kafin ta shiga aji, ke da kike malama kin fi ni sanin amfanin bencin gaba. Duk wani ƙurji ko ɓawo da ya yi wata guda bai warke ba, musamman a leɓe ko kunne, kada a tsaya shafe-shafen gida. Ki gaishe mini da Hajiya, ki kuma rubuto mini bayan kun dawo in ji abin da likita ya ce game da leɓen.